Manhajar da Ta Mai da Tagwayena Mutum Ɗaya

Daga:
Malamin koyar da tuƙi,
Gida mai koren ƙofa, daura da shagon mai faci,
Layin bayan filin koyon mota.

Litinin, 13 ga Oktoba.

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Sashen Karɓar Ƙorafin Masu Sayen Kaya ta Intanet,
Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN KAMFANIN MANHAJAR RIGA-KAFI DA SHARAR KWAMFUTA, WANDA YA GOGE HOTUNAN 'YATA, YA KUMA SA RANAR HALAKA SU

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da ma'aikatan ofishinka, ina neman izini in gabatar da kukana a kan kamfanin da sunansa yake jikin rasidin da na maƙala a baya. Ni mutum ne da ya shafe rabin rayuwarsa a kujerar mai zaman banza, ina kallon ɗalibi yana taka totur a inda na ce ya taka birki, kuma ban taɓa zagin uwar kowa ba. Na ambaci wannan ne domin a san ba ni da saurin kai ƙara.

Kafin in shiga ƙorafin, ya kamata in gabatar da gidana a taƙaice. Muna da kwamfuta guda ɗaya, tana kan tebur a falo kusa da taga, da rigarta mai geza wadda mai ɗakina ta ɗinka mata. Da ita nake nuna wa ɗalibai alamomin hanya, da ita mai ɗakina take kallon sababbin yayin ɗinki, kuma a cikinta hotunan iyalina suke. Allah ya ba ni 'ya'ya biyu, tagwaye mata, masu kama ɗaya kamar an tsaga kara. Yanzu duk sun zama manya. Ɗaya muna kiranta Rediyo, saboda tun da ta fara magana ba a kashe ta ba. Ɗayar kuwa Malama Shiru, wadda ta karanta aikin jinya, ta kuma sami aiki a wani asibiti mai nisa, za ta tafi ranar 2 ga Nuwamba.

Tun suna ƙanana, duk ranar da aka yi musu sabon ɗinki ko za su shiga sabon aji, nakan tsayar da su a bakin koren ƙofar nan in ɗauke su hoto. Amma ɗaya bayan ɗaya nake ɗauka, domin idan aka haɗa su, kafin in danna, Rediyo ta riga ta shiga gaba ta rufe 'yar'uwarta da gwiwar hannu. Saboda haka kowace rana hoto biyu ne: ƙofa ɗaya, riga iri ɗaya, ɗaurin kai iri ɗaya, mutum biyu. Ina roƙon Mai girma Darakta ya riƙe wannan, domin a nan maganar take.

Ga ƙorafina:

1. Yadda aka shigo da ni. Ranar Asabar, 5 ga Yuli, kwamfutar ta yi nauyin da sai in kunna ta, in je in yi wanka, in dawo in tarar tana miƙa. Ina cikin neman dalili sai wani jan allo ya faɗo, yana cewa an gano matsaloli dubbai, kwamfutata tana cikin hatsari, ɓarayin intanet suna bakin ƙofa. Ni kuwa mutum ne da ya yarda da sabis. Ban taɓa barin mota ta wuce lokacin juyen mai ba, kuma kullum ina faɗa wa ɗalibai cewa abin da ba a kula da shi, shi zai ajiye ka a tsakiyar hanya. Tallar ta ce da biyan wata-wata za a riƙa yi wa kwamfutar riga-kafin bairos, a share mata datti, a ƙara mata gudu, kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa ba za a taɓa komai nawa ba sai shara. Na ɗauki hoton wannan allon, yana cikin abin da na maƙala. Na sa lambar katin banki, na yi rajista. Nan take wani ɗan mutum na zane ya bayyana a kusurwar allo, da hula da tsintsiya, yana ɗaga mini hannu. Mai ɗakina ta leƙo ta ce ashe mun ɗauki Mai Shara, sunan da ya bi shi ke nan.

2. Halin Mai Shara a gidana. Ba zan ɓoye gaskiya ba, kwamfutar ta ɗan yi gudu a makon farko, har na yaba masa a gaban baƙi. Daga nan ya fara nuna hali. Ya kama fayil ɗin alamomin hanya, wanda nake koyarwa da shi shekara da shekaru, ya ce barazana ce, ya kulle shi. Wannan ya faru ne a gaban wata ɗaliba, matar wani lauya, wadda dama take neman dalilin cewa ban iya koyarwa ba. Ya hana firinta aiki, wai bai san ta ba, alhali ta riga shi zuwa gidan. Yana da wata jiniya da yake saki ba sallama, wadda ta sa mai ɗakina ta soke yatsa da allura har sau biyu. Duk lokacin da ya gama ɓarna sai ya fito ya ce kwamfutata tana cikin ƙoshin lafiya, amma za ta fi haka lafiya idan na hau matakin Zinariya. Duk wannan na shanye. Na ce sabon ma'aikaci ne, zai koya. Ban kawo wannan sashe don a biya ni komai ba, sai don a ga irin haƙurin da aka yi.

3. Ranar babbar shara. Ranar Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi, Mai Shara ya fito ya ce rumbun kwamfutar ya cika da hotuna masu maimaici, in danna ya rage su, zai bar mafi kyau a cikin kowane biyu. Ranka ya daɗe, abin da duk mai hankali zai fahimta shi na fahimta. Mai ɗakina tana da ɗabi'ar tura mini hoton yadi ɗaya sau uku, wai ko na farkon bai shiga ba. Na ɗauka irin waɗannan ake nufi. Bai nuna mini jerin abin da zai goge ba, bai tambaye ni ko na san mutanen da ke ciki ba. Tsintsiya kawai na gani tana kai da kawowa. Da ya gama sai aka yi tafi a lasifika, taurari suka zubo a allo, aka ce in taya kaina murna. Na taya kaina murna, na rufe kwamfutar da rigarta, na tafi filin koyo.

4. Ranar da abin ya fito fili. Na yi niyyar wanke wa Malama Shiru hotunanta, in haɗa mata kundi ta tafi da shi, saboda ban san irin ɗakin da za a ba ta a can ba, kuma ita ba mai kiran waya ta ce tana kewa ba ce. Ranar Asabar, 27 ga Satumba, bayan cin abincin rana, na tara iyali na ce ta zauna ta zaɓa da kanta. Ta ja kujera, ta kama linzamin kwamfuta, ta buɗe jakar da na sa wa suna Bakin Ƙofa.

Hoto na farko Rediyo ce, da rigar makarantar raino, haƙora a waje. Na biyu ma ita ce. Na uku ita ce, da giɓi. Rediyo tana bayan kujera tana ba da labarin kowace riga, wadda ta yage a kan lilo, wadda aka zuba wa tawada, ba ta lura da komai ba. Ni ma da farko ban lura ba, na ɗauka na 'yar'uwar suna ƙasa. Malama Shiru ta yi ta gangarawa har ƙarshe, ta sake hawa sama, ta sake gangarawa a hankali. Sai Rediyo ta katse labarinta a tsakiya, abin da ban taɓa gani ba sai ranar da aka cire mata haƙori.

Abin da ya faru shi ne, manhajar ta ɗauki kowane hoto biyu a matsayin mutum ɗaya da aka ɗauka sau biyu. Da ta zo zaɓen mafi kyau, sai ta zaɓi mai dariya da kallon kamara. Ita kuwa Malama Shiru tun tana yarinya ba ta buɗe baki a hoto, takan ɗan karkatar da kai ne ta kalli takalminta. A kan haka aka share ta daga makarantar raino har zuwa ranar da ta sa farar rigar jinya. Hoto ɗaya tak aka bar mata: na ranar da zuma ta harbe ta a kumatu, fuska ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Ina jin a nan ne kaɗai Mai Shara ya yarda cewa wata ce daban.

Ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta tambaye ni, da muryarta ta kullum, ko dai Baba ya riga ya yi zaɓen ne. Na rantse mata ban goge ko ɗaya da hannuna ba. Ta ce ba komai. Ranka ya daɗe, a gidana idan wannan yarinyar ta ce ba komai, to akwai komai. Ta tashi ta dafa wa kowa shayi, ta sa mini sukari daidai yadda nake so, ta shige ɗaki.

Ina neman afuwa idan na tsawaita a nan. Yarinyar nan ta girma ana kiranta da sunan 'yar'uwarta. Malamai sun yi, maƙwabta sun yi, har kyautar da ta ci a makaranta an taɓa miƙa wa Rediyo, ita kuma ta karɓa ta yi jawabi. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan haka ba. Wurin da kawai ta san ba a haɗa ta da kowa ba shi ne bakin ƙofar nan, inda ubanta yake cewa kowa ya matsa, yanzu lokacinta ne. Kuma ba ni da wani kwafi. Tsohon kundin takarda ruwan yoyon rufi ya cinye shi, abin da na tsira da shi na zuba a kwamfutar, na baya-bayan nan kuma daga kamara suka wuce can kai tsaye.

5. Neman kamfanin. Tun daga ranar Litinin, 29 ga Satumba, nake bin su. Da farko shafinsu ya ce in tabbatar ni mutum ne, ta hanyar zaɓo hotunan da ke da fitilar ba da hannu. Ranka ya daɗe, ni da fitilar ba da hannu take ciyar da iyalina, sau uku ana kayar da ni. Da na samu shiga, sai aka haɗa ni da wani mataimaki da ba mutum ba ne. Na rubuta masa cewa an goge mini 'ya. Ya amsa cewa ya yi farin cikin jin haka, ko akwai wani abin da zai taimaka mini da shi.

Na koma waya. Na sha kiɗan jira har mai ɗakina ta iya shi, tana bin sa a kan keken ɗinki. Ranar Alhamis, 2 ga Oktoba, Allah ya haɗa ni da mutum mai rai, wata yarinya mai ladabi wadda ba ni da ƙorafi a kanta, ina ma roƙon kada a taɓa aikinta. Ita ta faɗa mini cewa hotunan ba su mutu ba tukuna, suna rumbun kamfanin, kuma za a ajiye su har ranar Juma'a, 31 ga Oktoba, daga nan a halaka su gaba ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, a dawo mini da su. Ta ce dawo da abin da aka share haƙƙin 'yan matakin Zinariya ne, ni kuwa ɗan matakin Tagulla ne. Na tambaye ta ko tana da 'yar'uwa. Ta ce in yi haƙuri, ana naɗar wannan kiran.

Mai ɗakina ta ce in daina taurin kai, in hau Zinariyar a wuce wurin, ai ba gida za a sayar ba. Na bi maganarta, kamar yadda na saba idan ta tsaya a kaina da almakashi a hannu. Na danna, na yarda, aka yi mini tafi. Sai a ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai da na canza tabarau, aka rubuta cewa sabon matakin zai fara aiki ne ranar sabunta rajistata, wato 5 ga Nuwamba. Ina roƙon Mai girma Darakta ya dubi waɗannan ranaku biyu. Za a halaka hotunan ranar 31 ga Oktoba, a ba ni ikon dawo da su ranar 5 ga Nuwamba. Na rubuta musu imel a kan haka ranar 3 da ranar 7 ga wata. Amsar da na samu ita ce takardar tambaya ko yaya na ji daɗin hulɗa da su, in zaɓi tauraro ɗaya zuwa biyar.

6. Babu ribas. Da raina ya ɓaci na nemi inda ake fita daga rajistar. Maɓallin shiga kore ne, ƙato, yana ƙyalli. Na fita kuwa sai da Rediyo ta tono shi a can ƙarƙashin shafi na huɗu, da launin toka a kan toka. Kafin in danna sai gargaɗi ya fito cewa duk wanda ya fita, za a kwashe rumbunsa nan take. To in na zauna a halaka su ƙarshen wata, in na fita a halaka su yau. Na koya wa mutane fita daga lungun da ko akuya sai ta yi tunani, amma ban taɓa ganin motar da aka cire wa giyar gaba da ta baya, aka kuma ce direba ya ci gaba da zuba mai ba.

Sun ce na amince da sharuɗɗansu. Ban musa ba, na danna. Bayan na lallashi Mai Shara ya saki firinta, na buga sharuɗɗan na karanta su tun daga farko har ƙarshe a cikin mota, ina jiran ɗalibai. Ban ga inda aka ce idan mutum biyu suka yi kama, ɗaya ya zama shara ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka:

(a) Ya umarci kamfanin, tun kafin ranar 31 ga Oktoba, da ya dakatar da halaka hotunana da ke rumbunsa. Wannan shi ne na gaggawa, sauran duk suna iya jira.

(b) Ya sa a dawo mini da hotunan gaba ɗaya kafin ranar 2 ga Nuwamba, ba tare da an sake yi mini zaɓen mafi kyau ba. Wanda ta rufe ido, da wanda ya yi duhu, da wanda yatsana ya shiga, duk ina so.

(c) Ya sa kamfanin ya rubuta wa 'yata bayani, da sa hannun mutum mai suna, cewa na'urarsu ce ta yi zaɓen, ba ubanta ba. Ta ce ta yarda da ni, kuma na san ta yarda. Duk da haka ina so ta gani a rubuce.

(d) Bayan hotunan sun dawo hannuna, a cire ni daga Tagulla da Zinariya da duk wani ƙarfe da suke da shi, a kuma cire katina daga hannunsu.

(e) A tilasta musu su riƙa nuna wa mutum abin da za su goge kafin su goge. Ba ni kaɗai ne mai tagwaye a duniya ba.

Na maƙala rasidin rajista, da hoton tallar farko, da kwafin imel ɗina guda biyu, da shafin da ke nuna ranakun nan. A shirye nake in zo da kwamfutar ofishinka duk ranar da aka kira ni, in ban da safiyar Laraba, da nake kai ɗalibai gwajin lasisi.

Daga ƙarshe, Ranka ya daɗe, ina so ka san halin da falona yake ciki. Akwai hotunan Rediyo guda uku da suka daɗe a bango, ita ta wanke su da kanta ta rataye, kamar yadda duk wanda ya san ta zai yi tsammani. Jiya da safe na fito na tarar ta sauke su duka, ta naɗe su a zanen gado, ta tura ƙarƙashin gadonta. Na tambaye ta dalili. Yarinyar da in ka ce mata ina kwana sai ta ba ka labarin mako guda, ta ce mini ba za su koma ba sai an jera su da na 'yar'uwarta, ta wuce kicin. Malama Shiru ta fito ta ga ƙusoshin bango ba hotuna, ta ce wa Rediyo ai sai ki sa mutane su ce ni na sa ki. Rediyo ta ce su ce. Suka zauna suka ci abinci a kwano ɗaya, suna faɗa a kan wa ya fi cin nama.

Yanzu ƙusoshi uku ne a bangona ba komai a kansu, kuma ranar tafiya tana matsowa. Kwamfuta ta rage mini 'ya ɗaya, bango ya rasa duka biyun. Ina roƙon a taimake ni in mayar da su kafin motar ta tashi.

Ina godiya da lokacin da aka ba wannan doguwar takarda. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama aiki lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Malamin koyar da tuƙi,
Baban tagwaye.